Kitson Waɗanda Aka Ɗaure

Ku matso nan, 'yan mata, ku kife wayoyin nan a cinya. Wannan ba tatsuniya ba ce, shi ya sa ba zan ce muku ga ta nan ba. Da tatsuniya ce, da na sa kura ta sha kashi a ƙarshe, kowa ya karkaɗe zane ya tashi yana dariya. An ce gobe ni zan shige muku gaba, mu bi gidajen Fagge da Kwaciri inda ake da masu taɓin hankali, ku yi tambayoyinku na bincike, ku ba da magani. Ɗazu kuma na ji ɗayarku tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa aikin Inna Kulu ba shi da wuya, kitso ne kawai da hira. Ba ta yi ƙarya ba. Kitso ne da hira. To ku saurara in gaya muku yadda kitson yake.

Kai na farko da na taɓa a wannan sana'a a Sabon Gari ne, a saman wani bene, gidan wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da kayan mota. Lokacin ina sabuwar bazawara, ina kitson lafiyayyu a tsakar gidanmu. Maƙwabciyarmu Iya Sikira ce ta ja ni. Bayarabiya ce, amma a Fagge aka binne cibiyarta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ita ake kira a duk gidan da aka rufe mace a ɗaki har aka rasa mai iya kusantarta. Tsufa ya sa hannunta ya fara rawa, tana neman 'yan yatsu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Kulu, hannunki ya yi, bakinki ne ya yi yawa. Zo mu je in ga ko zai rufu."

A gindin benen ta tsayar da ni. Ta sa na cire 'yan kunne, na tuɓe awarwaro, na ɗaure ɗankwali tamau. A bakin ɗaki ta juya takalmanmu suna kallon hanya. Uwar yarinyar, Mama Nkechi, ta tare mu da almakashi a hannu, tana cewa, "Iya, a yanke kawai, wannan ba zai tsefu ba." Iya ta karɓi almakashin, ta mayar mata, ta ce, "Ajiye wa tela."

Nkechi tana can lungu, gashinta ya dunƙule ya zama abu guda kamar sheƙar tsuntsu da ruwa ya doka, ƙwarƙwata na yawo har gira. Iya ba ta kalle ta ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki, ta zauna ta ba ta gefe, ta ce in zauna a gabanta. Ni ta fara tsefe wa kai. Nawa kan, lafiyayye. Tana tsifa tana ba ni labarin tsadar manja, kamar ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Haka muka tashi ranar. Washegari ma haka. Sai da kaina ya gaji da tsifa da kitso har na fara ƙunƙuni, sannan wata rana da hantsi yarinyar ta rarrafo, ta ture ni da kafaɗa, ta zauna a wurina.

Irin wannan gashi ba a tsefe shi a zama ɗaya. A jiƙa shi da mai a bar shi ya kwana. A fara daga baki, ba daga tushe ba, sili-sili, hannun hagu ya riƙe gindin don kada fata ta ji ja. In ta zabura, ki saki, ki ɗora hannuwanki a gwiwa inda za ta gan su. In ta tashi, aikin ranar ya ƙare, ko da kin yi rabin tafin hannu ne. Kan Nkechi ya cinye mana damina guda. Ranar da aka ɗaure jelar ƙarshe, uwarta ta zube a ƙasa tana waƙar cocinsu, Iya tana gefe tana jan carbi, ba wadda ta hana wata.

Kayan aikin ba su cika ƙwarya ba. Kibiyar kitso ta itace, mai dakusasshen baki, don in an fizge ta daga hannunki kada ta zama makami. Mataji mai manyan haƙora. Man kaɗanya, a narka shi a rana. Sabulun salo, da tsumma mai tsabta. Reza da almakashi ba sa shiga ƙwaryar. Madubi ma ba ya shiga. Na taɓa zuwa da shi, don mai kitson lafiyayyu ba ta rabuwa da madubi, sai Iya ta buge mini hannu. "Wa ya aike ki? Wadda ta shekara ba ta ga fuskarta ba, ke za ki kawo mata baƙuwa? Madubi sai ta nema da bakinta. Ranar da ta nema kuwa, ki je ki yi sadaka."

Za ku ce me ya haɗa kitso da ciwon ƙwaƙwalwa. Kitso ba ya warkar da kowa. Duk wadda ta ce muku yana warkarwa, ku rabu da ita. Amma mai ciwon nan ido take tsoro. Likita ido, malami ido, dangi ido. Mai kitso kaɗai ke zama a bayanta. In ta jingina ƙeya da gwiwarki tana kallon bango, maganar da ta ƙi fita da lallashi sai ta fito da ƙafarta. 'Yan yatsunki kuma suna jin abin da baki bai faɗa ba. Jijiyar wuya in ta sandare, ba a yi barci ba. In tana karkata kunne gefe guda, akwai masu yi mata magana waɗanda ke ba kya ji. Sannan ga wannan: mai ciwon in ta ɓalle ta fita, ɗankwali take fara yarwa. In kanta askakke ne, yara su bi ta da jifa. In da sabon kitso, sai wani dattijo ya leƙo daga shago ya ce, "Kai, ku bari, wannan tana da gida." A kama hannunta a nemi gidan.

Lafiyayyu kuwa guduna suka yi. Wai hauka na bin mataji. Matan da na yi wa kitson aure suka koma wajen wasu, har kishiyar sana'ata ta riƙa cewa a tambayi Kulu kan wa ta taɓa kafin a ba ta hannu. Wannan tabon da kuke gani a damtsena haƙori ne, wannan na goshi murfin kwano. Da Iya Sikira ta rasu, ƙwaryar ta dawo hannuna, ba wanda ya yi takara da ni a gadon.

Kan da na fi daɗewa a kansa shi ne na Balaraba, a Kwaciri, gidan da ke bayan shagon ɗinkin yayanta Malam Isyaku. Ciwon ya same ta tana cikin wankan jegon 'yarta ta fari, Ummi. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti ta samu sauƙi, magani ya ƙare ciwo ya dawo. Wata rana da azahar ta goya jaririyar ta fita ba takalmi, ta kai har Kasuwar Sabon Gari, ta kwance goyon ta ajiye tsakanin buhunan albasa, ta yi gaba. Allah ya sa mai albasar ya ji kuka kafin 'yan dako su sauke wani lodin a wurin. Mijin ya ɗauki 'yarsa, ya sake ta. Malam Isyaku ya kira maƙeri.

Ku da ba ku taɓa ganin mari ba, zobe ne na ƙarfe da maƙeri ke rufewa a idon sawu, ya sa ƙusa ya dandaƙe bakinta, ba makulli, ba buɗewa. Sarƙa ta tashi daga nan zuwa turken da aka kafa a ɗaki. Ta Balaraba tana kai ta inda rana ke faɗowa da hantsi, ba ta wuce dokin ƙofa. Kada ku ɗauki Malam Isyaku azzalumi. Shi ke ci da ita, matarsa ke kwashe fo safe da yamma. Yakan ce mini, "Inna, in na kwance ta na tafi shago, wa zai bi ta?" 

Shekaru na yi ina zuwa, duk sanda kitso ya tsufa. A idona marin nan ya tashi daga baƙi mai kaushi ya zama sumul yana ƙyalli, don kullum tana murza shi da ragowar man da na bar mata. Fatar wurin ta yi kauri, ƙafa da ƙarfe suka saba da juna. Ranar da take cikin hankalinta ba wanda ya kai ta barkwanci.

"Inna Kulu, yau na zuwa biki za ki yi mini."

"Bikin wa?"

"Oho. Ni dai kada biki ya biyo ta nan ya same ni kamar tsintsiya."

Ranar da ba ta ciki, ta tofa mini yawu, ta kira ni da sunan matattu. Duka ranakun kitso nake yi.

Sai masu bincike suka zo, irinku, da farar mota da jakunkuna. Shugabarsu likitar ƙwaƙwalwa ce, Likita Hadiza. Abin da suke son ganowa shi ne, in aka kai wa mai ciwo magani har gida, matan unguwa suna lura da shi, ko za a iya kwance waɗanda aka ɗaure. Gidaje suka ƙi buɗe musu, don ba mai son a san yana da ɗaurarre, 'yan matan gidan su rasa manema. Wata ungozoma ce ta ce musu su nemi mai kitso. Ni ba a tambayata wajen wa na zo. Ƙwaryata ce sallamata.

Ba zan ci naman Likita Hadiza ba. Mace ce da ke tuɓe takalmi ta zauna a tabarma mai warin fitsari, ba ta yamutsa fuska ba. Kuma ba ta ɓoye mana komai ba. A soron Malam Isyaku, ina zaune, ta ce, "Malam, maganin kyauta ne, amma wannan bincike ne, na ɗan lokaci ne. In ya yi kyau za mu kai wa hukuma sakamakon, muna fatan su ɗauka su ci gaba." Ya ce, "Allah ya sa." Na ce amin. Magani muka ji, kyauta muka ji. Maganar ɗan lokaci kuwa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. Mai jin ƙishirwa ba ya tambayar zurfin rijiya.

Ga yadda muka yi aikin. Allura ma'aikaciyar jinya ke yi wata-wata, ta daidaita zuwanta da ranar kitso, sanda Balaraba ta jingina da gwiwata jikinta ya saki. Ƙwaya kuma kullum, matar gida ke ba ta bayan tuwo, ni in na zo 'yan yatsuna su gaya mini ko ana sha. In wuya ya ƙage, ko hannu na rawa, ko yawu na zuba, in sanar da Likita ta rage ko ta canza. Ita ta koya mini waɗannan alamomi, ni na koya mata zama a baya. Da farko barci Balaraba ta yi ta yi, kamar wadda ta dawo daga fatauci. Sannan ta fara tambayar yau wace rana. Sannan kunya ta dawo, ta riƙa jan zane tana rufe ƙafar in namiji ya shigo. Sai wata rana ina ɗaure jelar shuku ta ce, ba ta ko juyo ba, "Inna, ba ki da madubi?"

Aka aro na matar gida. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe na tsufa ba a gaya mini ba." Can kuma ta ce, "Amma tsagar nan ta karkace." Ta karkace ɗin kuwa. Na fita na sayi ƙosai na raba a layi, kamar yadda Iya ta ce.

Ranar cire marin, maƙerin da ya sa shi aka kira. Ya ɗora ƙafarta a kan gungume, ya fille kan ƙusar da guduma, zoben ya buɗe baki. To al'adar gidajen nan, ba a yar da mari. In an cire, a naɗe shi a tsumma a tura ƙarƙashin gado, kamar yadda ake ajiye sandar wanda karayarsa ta warke. Masu binciken kuwa sun ce duk wanda aka cire a ba su, a tara, maƙera su narka su yi murhu da fartanya.

Malam Isyaku ya ce, "Likita, a bar mana shi. Wallahi ba fata nake yi ba."

Ta ce, "Malam, muddin yana gidan nan, ranar da ta ɗaga murya a kan gishirin miya, wani zai leƙa ƙarƙashin gado. Ita ma ta san yana nan."

Ya juyo gare ni. "Inna, ke me kika gani?"

Na ce, "Duk ku biyun kuna da gaskiya. A tambayi mai ƙafa."

Balaraba tana shafa wurin, ya yi fari kamar ɓararren rogo. Ta ce, "Yaya, a tafi da shi. In ya zama murhu a kawo mini in dafa maka shayi."

Aka yi dariya. Aka tafi da shi.

Tafiya ma sai da ta sake koyo. Ta zo dokin ƙofa ta tsaya cak, ƙafar na jiran a fizge ta. Sannu a hankali ta wuce tsakar gida, ta wuce soro. Yayanta ya sa ta ɗinkin maɓalli da kalmasa, daga baya ita ke zuwa Sabon Gari sayo zare. Da gangan ta bi ta layin masu albasa, ta nemi mutumin nan, ta durƙusa ta gaishe shi. Dangin mijin da suka ga haka suka fara kawo Ummi yini, yini ya zama kwana, kwana ya zama zama. Yarinyar ta isa makaranta a lokacin. Balaraba ta ce in koya mata kitso, ba ta son wata ta taɓa kan 'yarta. Sai mu jeru a tsakar gida, ni a baya, Balaraba a tsakiya, Ummi a gaba, keken ɗinkin Malam Isyaku na ta ƙara ta bayan bango. In kuna neman abin da sana'ar nan ta taɓa ba ni, to shi ke nan.

Shekarar da ta karya mu da walima ta fara. Aka tara mu a wani babban ɗaki mai fanka, aka raba shinkafa da lemo, aka ce bincike ya kammala, kuma ya yi nasara. Aka nuna hoton tulin ƙarafan da aka cire, aka tafa. Ni ma na tafa. Aka ba mu atamfa. Da aka watse na tari Likita a bakin mota na ce, "To allurar watan gobe fa?" Ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce ta kai sakamakon ofis-ofis, an yaba, an ce za a duba. Ta raba wa gidaje abin da ya rage, ta ƙara da na aljihunta har inda ƙarfinta ya kai. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana. Ba laifin raɓa ba ne in rana ta fito.

Ba a jima ba aka kulle gari saboda annoba. Kasuwa a rufe, ba biki, ba suna, ba mai kawo ɗinki. Keken Malam Isyaku ya yi shiru. Asibitin da ake samun allurar ya yi nisa, ba abin hawa. Ƙwayar a kemis ta kai inda sai dai a zaɓa, ita ko garin tuwo. Da idona na ga Malam Isyaku ya ɗora ƙwaya a faranti yana raba ta biyu da rezar farke ɗinki. Zuwa na gaba, rabin yake rabawa. Na gaba, farantin ne kawai.

'Yan yatsuna suka riga kowa sani. Wuya ya sandare, kunnen hagu ya fara karkata. Na ce, "Balaraba, sun dawo?"

Ta ce, "Daga nesa, kamar rediyon maƙwabta. Ba su fara kiran sunan Ummi ba tukuna."

Ranar da suka kira, da la'asar ce, ina gidan. Ta zaunar da Ummi ta yi mata kalaba ƙanana masu daɗewa, ta ja su da kyau har yarinyar na ƙorafi. Ta gama, ta haɗa mata kayanta a leda, ta roƙi matar gida ta kai ta gidan ubanta. Sai da suka fita sannan ta je ƙofar shago ta durƙusa.

"Yaya, a nemo mari."

"Ke Balaraba, bar wannan magana. Gari zai buɗe. Zan samo maganin nan ko keke zan sayar."

"Ka sayar da keke mu ci me? Yaya, cewa suke in kai ta kasuwa. Yau na ce musu a'a. Gobe ban san wadda za ta amsa musu ba."

Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Maƙerin nan ya rasu, maƙera duk a rufe. Abin da ke gidan shi ne sarƙar da yake ɗaure janareta da ita, da kwaɗonta. Turken ma an tone shi tuni, sai a ƙarfen taga aka ɗaura. Ita ta miƙa ƙafar. Shi ya datse kwaɗon.

Sarƙar janareta ba don mutum aka yi ta ba. Tsohon mari da ƙafarta aka auna shi, shekaru suka goge shi. Wannan kuwa kowace gaɓa da bakinta. Kaurin da ya kare wurin ya baje a shekarun sauƙi, fata ta koma sabuwa kamar ta jariri. Da ciwon ya taso gaba ɗaya ta shiga fizga, sarƙar ta ci nama har ta kusa ƙashi. In wanke da ruwan gishiri in naɗa tsumma, ta kwance ta yar. Gyambon ya yi ruwa, ya yi wari, ƙuda suka samu gida. Sai ta fara tuge gashinta da hannu, wai ta nan suke shiga. Ranar da na zo na tarar da fatar kan duk jini, ba abin kamawa sai rauni, aka kira wanzami. A gwiwata kan yake aka aske shi.

Ba ita kaɗai ba ce. A cikin waɗanda aka kwance, masu dangi masu hali sun ci gaba da saye, suna nan lafiya, ina gamuwa da su a gidan suna. Sauran kuwa, wata ta koma sarƙa, wata ta fita ba a sake ganinta ba, wata an yi mata sutura. Gari ya buɗe, keke ya dawo da ƙara. Malam Isyaku yana sayen ƙwaya in ɗinki ya yi kyau, ya tsallake in bai yi ba, magani na yau akwai gobe babu kuwa ba ya riƙe mutum. Dangin uban Ummi sun rantse ba za ta sake taka gidan ba. An ce ta zama budurwa.

Da aka ce kun zo da sabon bincike, na ce ba zan kai ku gidan ba sai na tambaya. Shekaranjiya na je. Malam Isyaku yana kan keke, bai ɗago ba. Ya ce, "Inna, wancan karon na ce a bar marin, aka ce a tambayi mai ƙafa. To a tambaye ta."

Har yanzu askakke ne kan nata, don da ya tofo take tugewa. Amma in na shimfiɗa tabarma, tana jawo sarƙa ta zo ta zauna ta jingina. In shafa mai, in ɗauki kibiya in ja tsaga a kan fata, daga goshi zuwa ƙeya, layi bayan layi, in yi ta motsa 'yan yatsu kamar da abin kamawa. Ranar ta tashi cikin hankalinta sarai. Na gaya mata an zo da allura irin ta da, kyauta, kuma suna son a kwance ta.

Na ci gaba da jan tsaga har na kai tsakiyar kai. Sannan ta ce, "Har yaushe?"

Na ce, "Sun ce na ɗan lokaci ne."

"Wannan karon kin ji da kyau ke nan."

"Na ji."

Ta miƙa ƙafar, ta juya sarƙar a kan tabon. Gaɓoɓin da ke taɓa fata sun fara haske. Ashe man da nake bari ba a kai yake ƙarewa ba. Ta ce, "Allurar ina so, Inna, ko ta wata ɗaya ce, in yi barci. Amma ki gaya musu wannan ba za ta zama murhu ba. Da ƙyar na koya mata ƙafata. In sun cire, a naɗe a tura ƙarƙashin gado, inda hannuna zai kai. Cirewa ba ta da zafi. Mayarwa ce."

To kun ji. Gobe zan shige muku gaba, don ba ni zan hana mai ciwo barci ba. Ku cire 'yan kunne, ku juya takalma, kada ku tsaya a kanta, kada ku kalle ta cikin ido. Ku yi tambayoyinku, za ta amsa, ta san su, an taɓa yi mata. Ita kuma tambaya ɗaya gare ta, kun ji ta. Wadda ke da amsa a cikinku ta wuce gabana. In babu, ku biyo baya, ɗaya ta riƙe mini ƙwarya.

Da na gama ranar, ina goge kibiya, ta ɗaga hannu ta shafa ƙoƙon kanta tun daga goshi har ƙeya, a hankali, kamar mai gudun ɓata sabon kitso.

"Wanne kika yi mini?"

"Shuku."

"Na zuwa biki?"

"Na zuwa biki."

Ta gyaɗa kai. Na kai bakin ƙofa ina sa takalmi, ta ce, ba ta juyo ba, "Inna Kulu. In za ki zo da su, kada a zo da madubi."